Waken Yaya Mai Kwalli

Na Allah muke, kuma wurinSa hanyar kowa ta nufa. Yaya ta riga mu kamawa, ran wata Talata da hantsi, ana yayyafin nan marar ƙara wanda ba ya hana kaza kiwo.

Kafin a gama wankanta gida ya cika. A unguwarmu ta Liman Abaji, cikin Keffi, ba a aika wa mutane da labarin mutuwa, katanga ce ke gaya wa katanga. Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ita ce ta fari, ni ne auta, biyar ɗin da ke tsakaninmu duk sun tafi sun bar mu muna faɗa. Kowa ya shigo da Yayar da ya sani. Liman ya ce shekara talatin suna maƙwabtaka bai taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba. Na sunkuyar da kai, don ni na san muryar, a kaina take sauka. Mai shagon kusa da mu, mutumin kudu ne da ya tsufa a Keffi har Hausa ta kama bakinsa ta gefe guda, ya tsaya bakin ƙofa da hula a hannu yana cewa, "Mama ya tafi? Shekaranjiya fa ya zage ni a kan tumatir na gwangwani. Ya ce in riƙa cin abin da ya san ƙasa." Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, har sai da na tashi na ba shi haƙuri, ni da aka zo yi wa ta'aziyya.

Washegari ƙawarta Bafillatana ta iso daga wajen Panda, inda suka koma da shanunsu shekara biyu da suka wuce. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar ɗakin Yaya kamar yadda ta saba tun suna matasa, ta zauna tana kallon labule. Can ta ce, "Bana shanu ma za su san an yi rashi."

Matan da suka yi jinyarta suna ta maimaita maganarta ta ƙarshe. Wai ta buɗe ido ta tambaya, "Dawa ta kai gwiwa?" Suka ce zafin zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Ni na san abin da take jira, jikarta ma ta sani, kuma saboda wannan abin na ari biro nake wannan rubutu. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Wanda ya ga baƙi ya karkace, ya miƙar da shi a ransa ya wuce.

Yaya manomiya ce, ba irin ta aike ba. Da ƙafarta take zuwa, kuma takalminta a bakin gona yake jira har ta fito. Ta ce ba ta shiga ɗakin mutum da takalmi, ba ta ga dalilin da za ta shiga na dawa da shi ba. In ta isa sai ta yi sallama. Wallahi sallama, da murya, ta ce, "Kun tashi lafiya?" ta tsaya kamar mai sauraron amsa. In iska ta kaɗa ganye sai ta gyaɗa kai. Tun ina yaro nake bin bayanta ina kwaikwayonta don in ba mutane dariya, har na yi furfura ban daina ba. Amma akwai safiyar da na riga ta zuwa, ni kaɗai, raɓa ba ta bushe ba, hazo-hazon damina yana kwance a kan dutse, na ji gonar ta yi tsit kamar gidan da aka shiga ba sallama. Na waiga dama da hagu, na ce, "Salamu alaikum." Ban taɓa gaya mata ba.

Ba ta ƙona kara bayan girbi. Ba ta gaida mutum da "ina gajiya", sai dai "me ka shuka bana?" ko da direban tasi ne. In ta ɗebi ƙasa sai ta sansana, wani lokaci ta ɗan ɗanɗana, ta ce, "Wannan ta gaji, a bar ta ta sha wake."

Waken shi ne zancen. Fari ne tas, ƙanana, idonsa kewaye da baƙi siriri kamar an zizara masa kwalli, shi ya sa a gidanmu ake ce masa mai kwalli. Mahaifiyarmu ce ta zo da shi daga Agwada cikin kayan aurenta, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. Ban taɓa ganinsa a kasuwa ba. Da can akwai shi a gidaje, amma da sababbin iri masu saurin nuna suka shigo, kowa ya sake shi sai Yaya. Ba ya sauri. Ana shuka shi a ƙarƙashin dawa in ta kai gwiwa, sai ya yi ta yaɗo a hankali yana rufe ƙasa kamar mai shimfiɗa tabarma, ba zai nuna ba sai ruwa ya ɗauke.

Duk shekara bayan girbi, Yaya takan zauna ta zaɓi iri ƙwaya-ƙwaya, ta gauraya da toka da dakakken barkono, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da taɓo, ta tura ƙarƙashin gado. Ba mai buɗe tulun nan sai ita, ba a kuma buɗe shi sai ranar shuka. Tana da ajiya ta biyu a wajen ƙawarta Bafillatana, domin muna yara gobara ta taɓa cinye rumbun gidanmu, tun daga nan ta ce ita iri ba ya kwana a ɗaki ɗaya.

Ni kuwa ranar zaɓen iri ba ta wuce ni. Nakan zo taya aiki. Taya aikin nawa shi ne, in ta juya ɗauko toka, hannuna ya faɗa faifai ya fito ya shige aljihu. Na fi shekara arba'in ina wannan sana'a. Duk wanda ya taɓa cin alalen mai kwalli ba zai zarge ni da yawa ba.

"Auta, aljihunka ya yi ciki."

"Goro ne, Yaya."

"To Allah Ya sauke shi lafiya."

Jikarta 'yar babban ɗanta ce, a Mararaba aka haife ta, a can ta girma, ba ta san bambancin gero da ciyawa ba. Likita take so ta zama. Da sakamako ya fito, jami'a ta ba ta ilimin amfanin gona. Uban ya kawo ta Keffi ta zauna wajen kakarta, ta shigo gida ido ya kumbura, shi kuma yana ta cewa shekara ɗaya kawai za ta yi ta canja. Yaya ta ce a yi mata bayani, wane karatu ne. Aka ce karatun shuke-shuke, yadda ake noma.

"Shekara nawa?"

"Biyar, Kaka."

Sai Yaya ta miƙe, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har mai shago ya leƙo yana tambaya wa ya haihu. Ta ce, "Ashe gwamnati ta yi hankali. Shekara biyar! Ni na yi sittin ban gama ba, amma biyar ma mafari ne."

Ni kuwa na samu abin tsokana. Ka san tsakanin kaka da jika. Na ce, "Amarya, ashe fartanya zan saka a lefe? Kin rage mini wahala."

Ta harare ni cikin hawaye ta ce, "Wa zai auri tsoho mai haƙori huɗu?"

"Biyar ne, ki ƙirga da kyau. Wai 'yar jami'a."

Ba ta canja karatun ba. Ban san ranar da abin ya kama ta ba. Na dai ga ta fara dawowa da takalmin roba duk taɓo, tana zuba ƙasa a ƙananan leda tana rubuta musu suna. Tana kiran tsiro da wasu sunaye masu tsawo kamar sunan maganin bature. In na tambaye ta wane aiki ake samu da wannan karatu, sai ta lissafo mini: malaman gona masu zaga ƙauyuka, masu binciken sabon iri, masu kula da wani rumbu mai sanyi inda ake ajiye irin duniya don kada ya ɓace. Ta ce yanzu abin da ake nema shi ne noman da zai ciyar da mutum bai kashe ƙasa ba. Na ce wannan ai Yaya ce, sai dai ita ba a ba ta takarda ba.

Faɗansu ɗaya na sani, a shekararta ta uku. Ta zo da wani wake daga makaranta a cikin ambulan, ta ce wata biyu yake yi ya nuna. Yaya ta juya shi a tafin hannu. Sai yarinya ta zarce, ka san mai sabon ilimi baki ba ya tsaya masa: "Kaka, naki malalaci ne. Wata huɗu yana kwance. Ki ba ni kaɗan in kai ɗakin gwaji a duba shi."

"A duba shi? Ya ce miki ba shi da lafiya?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Waken da ya aurar da uwata, ya yaye ubanki, shi ne malalaci? Kwashe ambulan ɗinki."

Kwana shida ba su yi magana ba, a ɗaki ɗaya. Ni na zama ɗan aike, kuma na ci riba, don kowacce in ta ba ni saƙo sai ta haɗa da abin taɓawa. Ina ƙara gishiri a hanya ina ragewa yadda zai jawo mini kwana na bakwai. Yaya ce ta gano ni. Ta ce, "Auta, kai ne kake hura wutar nan don cikinka." Ta kira yarinyar ta ce, "Ɗauko naki. Gona ta raba mu."

Suka shuka layi biyu kusa da juna. Na makaranta ya tashi tsaye kamar soja, ya yi fure, ya nuna tun ana ruwa. Yaya ta dafa shi, ta ci, ta suɗe hannu, ta ce a gaban kowa, "Na yi masa rashin kunya. Wannan shi ne mai fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. A nemo mini shi baɗi." Haka take. Ba ta jin nauyin cewa ta yi kuskure, shi ya sa nake jin tsoronta.

Amma da ruwa ya ɗauke, na makaranta ya daɗe da bushewa, mai kwalli yana nan kore shar, ya rufe ƙasa ba ka ganin ko tsaga. Wuta-wuta, muguwar ciyawar nan mai tsotse saiwa, ta taɓa ɗaya layin, shi kuwa da ƙyar ka ga ɗaya a jikinsa. Bayan an roro, ganyensa da jijiyarsa suka zama harawa, Fulani suka kawo shanu suka ci, suka kwana a gonar suka bar mata taki. Haka Yaya da ƙawarta suke yi tun da daɗewa, ba takarda ba shaida.

Wata yamma, ina nan, yarinyar ta tona gindin mai kwalli a hankali ta ciro saiwar, ta wanke a kwano. Ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a jiki kamar duwatsun tsakiya. Ta ce, "Kaka, kin san dalilin da ya sa ƙasa ke farfaɗowa in ta sha wake? A cikin nan wasu halittu suke, ido ba ya ganinsu. Su ke kamo abinci daga iska su ajiye wa ƙasa."

"Daga iska?"

"Daga iska."

Ta sa reza ta tsaga guda ɗaya. Cikinsa ja-ja. Yaya ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Rana tana faɗuwa bayan dutse, hasken ya bi ta cikin ganyen dawa ya sauka a hannunta, duk gonar ta yi ruwan zuma, balbelu suna wucewa sama ba ƙara. Ban san minti nawa muka yi ba. Sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba, "Shekara sittin ina gaishe ku, ashe akwai waɗanda ban sani ba a ƙasa. Ku yafe ni." Sannan ta dubi jikarta ta ce, "Wa ya gaya miki wannan?"

"Malaminmu."

"Ki gaishe shi. Ki ce wata tsohuwa ta gode."

Tun daga ranar suka zama abu ɗaya. Yarinyar ta zaɓi mai kwalli ya zama aikinta na shekarar ƙarshe, malaminta ya yarda, har aka ware mata fili a gonar makaranta. Ta ce in an gwada shi an rubuta, za a iya kai shi rumbun nan mai sanyi, a kuma yaɗa wa manoma. Yaya ta yi alkawari: bana, ranar da dawa ta kai gwiwa, za ta fasa bakin tulu ta raba biyu, rabi na jika ne. Abin da take tambaya ke nan a kan gadon mutuwa. Saura 'yan kwanaki.

Yanzu na zo inda biro yake mini nauyi.

Ranar sadakar uku, da sassafe jika ta tafi makaranta neman izinin kwanakin zaman makoki. Uwarta, surukar Yaya, mace mai kirki da ba ta taɓa zama a gidan ba sai da sallah, tana share ɗakin mamaciya ta ci karo da tulu a ƙarƙashin gado. Ta fasa taɓon, ta ga wake fari tas cikin toka, ko ƙwaro ɗaya babu. Ta kira mata ta ce, "Ku ga ikon Allah. A yi mata sadaka da abin da ta noma da hannunta, ladan ya fi isa gare ta." Kowa ya ce madalla. Wa zai ce ba haka ba? Aka wanke, aka surfe, aka kai markaɗe.

Aka fito mana da ƙosai zaure a manyan faranti. Na ci ɗaya na lumshe ido. Na ci na biyu na ce wa liman, "Malam, rabona da irin wannan ƙosai tun Yaya na da ƙarfi." Na ci tara. Ni, da na fi kowa sanin ɗanɗanon nan a duniya, ban tsaya na tambayi cikina daga ina ba. Sai da na ji ƙara daga cikin gida, wadda ba irin kukan mutuwa ba ce.

Na shiga na tarar jika ta dawo, tana durƙushe gaban tulu, hannunta biyu cikin toka har gwiwar hannu, tana lalube. Uwar tana tsaye da ludayi tana cewa, "Ban sani ba, wallahi ban sani ba, ba wanda ya gaya mini." Yarinyar ta juya wajen Bafillatana ta ce, "Inna, na wajenki fa?" Matar ta girgiza kai. Tun da suka tashi zuwa Panda ta mayar wa Yaya ajiyarta.

"Shi ke nan," in ji jika. Ba ta ƙara kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta wanke hannu ta rungumi uwarta ta ce ba laifinta ba ne. Sannan ta ce da ni, "Tsoho, ƙarni nawa yana tafiya hannu zuwa hannu, a kaina ya tsaya."

Na yi shiru. Kuma shiruna ba na jimami kaɗai ba ne, na marar gaskiya ne.

Ga abin da ba wanda ya sani. Bara, ranar zaɓen iri, hannuna yana cikin faifai sai Yaya ta cafke wuyan hannun. Shekara arba'in ba ta taɓa yi ba. Na fara cewa goro ne, ta ce in rufe mata baki. Ta shiga ɗaki ta fito da babban gwangwanin madara a rufe, da nauyi, ta ɗora mini a cinya.

"Ƙawata ta yi nisa, ba ni da ɗaki na biyu. Duk garin nan ba wanda ya kai ka iya ɓoye abu. Wannan ba na ci ba ne, Auta. Ka ji ni?"

"Haba Yaya, kamar wani yaro."

"Yaro ai yana jin magana."

Na kai gida na ɓoye bayan buhunan gawayi. Na yi wata uku cur ban taɓa ba, ina so a rubuta mini wannan. Sai azumi ya zo. Wata la'asar, yunwa tana kaɗa ni, na tuna da alale. Na ce ɗan kaɗan, tulu ai yana nan cike. Na ba mai ɗakina na ce wani aboki ne ya ba ni. Bayan kwana uku na sake cewa ɗan kaɗan. Kafin sallah yatsuna suka daina taɓa wake, sai toka da barkono, na yi atishawa bakwai na mayar da murfi. Na ce in an fasa tulu zan saci wani in cike gurbin, ba mai sani.

Kwana huɗu ina ɗauke da wannan a ciki, tare da ƙosai tara. In na rufe ido sai in ga gonar Yaya, mai kwalli yana yaɗo yana yaɗo har ya rufe titin Keffi, ya hau katangar masallaci, ita kuma tana tafe a kai ba takalmi, ba ta waiwayo ba. Ina kira ba ta amsawa. Ba ta taɓa ƙin amsa mini ba, ko da zagi ne.

Ran sadakar bakwai na ga jika tana haɗa jaka. Ta ce za ta je ta gaya wa malaminta a ba wani filin, ita a ba ta kowane aiki na cikin littafi ta gama ta huta. Na tafi gida na ɗauko gwangwanin. Ban kawo shi don yana da amfani ba. Na kawo ne don a san wanda ya kashe mai kwalli ba matar nan mai ludayi ba ce.

Na ajiye a gabanta na faɗi komai, har atishawar. Na jira ta zage ni. Ta dube ni, ta dubi gwangwanin, ta ɗaga ta jijjiga.

"Ka zubar da tokar?"

"Ban zubar ba."

"Mama, miƙo mini rariya."

"Amarya, babu komai ciki. Na lalube, ni da na ƙware."

"A makaranta ba a zubar da ajiyar iri sai an tankaɗe. Matsa, Tsoho."

Ta shimfiɗa faifai ta juye. Toka ta tashi, barkono ya watsu, duk matan tsakar gida suka kama tari. Tana tankaɗewa, tana tankaɗewa, sai wani abu ya rage a rariya. Ƙulli ne, kamar ƙwan kaza, an ɗaure da ƙyallen tsohon zanen Yaya mai ruwan bula, wanda duk wanda ke gidan ya sani. Can ƙarƙashin tokar ta binne shi, inda barkono ya fi yawa.

Ƙullin ya ɗauru tam, yarinyar ta kasa kwancewa, sai uwarta ce ta durƙusa ta kwance mata da haƙori. Fari tas, kowanne da kwallinsa, suna kallonmu.

Bafillatana ce ta fara dariya, ita da ba ta yi kuka ba. Ta yi dariya har hawayen da ta riƙe kwana bakwai suka zubo. Ta nuna ni ta ce, "Ta san ka! Na sama naka ne, ta san za ka ci. Na ƙasa ne ajiyar."

Ni dai na zauna a ƙasa. Shekara saba'in ba biyu ina ganin ni ne mai wayon ɗakinmu.

Jika ta ƙirga, sittin da huɗu. Ta ce ba su kai yadda aka tsara aikin ba, amma da ta kira malaminta a waya ya ce a fara ninka su bana, wannan ma aiki ne. Ta raba biyu daidai, ba wanda ya gaya mata. Rabi ta kai filin makaranta. Rabi muka kai gonar Yaya, ni da ita da uwarta, wadda ta ce ko za a kashe ta sai ta saka ƙwaya ɗaya a rami da hannunta. Dawa ta ɗan wuce gwiwa. A bakin gona na ga yarinyar ta tuɓe takalmin robarta ta ajiye. Ta yi sallama. Iska ta kaɗa ganye, muka tsaya mu uku muna saurare.

Da za ta koma makaranta ta miƙo mini sanda.

"Ta mece ce?"

"Ta awaki. Kai ne mai gadi."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Kaka ce ta zaɓe ka, ba ni ba. In ka ci ko ganye ɗaya, na fasa auren."

Kwana huɗu ba abin da ya fito. Ran na biyar da safe na tarar ƙasa ta tsattsage, ga su sun sunkuyo da kai kamar masu fitowa daga ƙaramar ƙofa. Ashirin da tara cikin talatin da biyu. Ta bugo waya ta ce nata ashirin da bakwai, na ce ashe jami'ar mangwaro ta fi tasu.

A nan nake wannan rubutu, a gindin dawa, littafi a cinya, sanda a gefe. Sun fara yaɗo. In rana ta yi sanyi, hasken nan mai ruwan zuma ya sauko, nakan ji kamar wani ya tsaya a bayana yana duba aljihuna. Ba na waigawa. Nakan juye aljihun waje in bar shi a haka, ta gani da kyau.

Allah, ga baiwarKa nan ta zo maKa ba takalmi, kamar yadda take shiga duk wurin da take girmamawa. Ka amsa mata sallamarta. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya ƙasar da ta rufe ta, ita da ba ta taɓa barin ƙasa tsirara a rana ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa a tankaɗe tokarmu a sami ɗan abin shukawa a ƙasa.

Yaya, dawa ta kai ƙugu. Goro ne a aljihuna, wannan karon da gaske.